Ranar da Aka Hana Dangi Dubiyar Yaya Tanko

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Zan faɗi abin da idona ya gani, babu ƙari.

Da bazarar bana gatari ya sari yayana Tanko a ƙafa, yana sharar gona a bakin dajin Gayam. Aka ɗaure wurin da ganye. Bayan kwana biyar ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ya daina gane mu. A babban asibiti a Kaduna likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, aka kwantar da shi a ɗakin waɗanda ciwo ya tsananta.

Washegari dangi suka ciko mota suka zo dubiya, kowa zai dafa goshinsa ya yi masa tofi, kamar yadda muka saba. Nas ta ce jikinsa ya raunana, cutar da ke hannun mai lafiya ma za ta iya ƙarasa shi. Na hana su shiga. Kawu Audu ya ce, "Ɗan jami'a, yau mu ne ƙazamai?" Suka juya, ko ruwa ba su sha ba.

Yaya Tanko ya tashi, alhamdu lillahi. Amma Kawu, wanda ya fara kai ni makaranta a bayan kekensa, har yau ba ya amsa gaisuwata. Masu sauraro, ta ina zan ɓullo masa?

Naku,
Garba Umaru, Birnin Gwari.

Gyara ɗaya: na ce ni na hana su. Gaskiya a ranar kunya ta hana ni tare su. Mahaifiyarmu, yayar Kawu, ita ta zauna a bakin ƙofar ta ce, "Ku roƙa masa daga nan, Allah yana ji." Kawu kuwa ya ɗauka ni na sa ta.