Gyaɗar Cikin Leda

A tashar motar Tsafe da ke Gusau, wani dattijo riƙe da jikarsa ramammiya ya yage ledar abincin tamowa da aka ba su a asibiti, ya lakata ya ɗanɗana. Matar da ke gefensa a benci ta gani.

"Baba, kai ma an auna hannunka ne aka ce ka rame?"

"Dubawa nake, ɗiyata. Gyaɗa ce, kuma shekara arba'in ina noma ta."

"To, malamin gyaɗa, ta ci jarrabawa?"

"Sukari ya yi yawa, suyar ma ta gaggawa ce. Tamu ta Tsafe ta fi mai."

"Sai ka bar wa mai ita, tunda ba ta yi maka ba. Leda nawa suka ba ku?"

"Rabin na wancan makon. Wai sai gwamnati ta saki kuɗin sabon kaya."

"Ai na ji a rediyo an ware. Maza je ka koya musu suya kafin su saya."

Dattijon ya yi dariya, ya kai ledar bakin yarinyar. Ta riƙe da hannu biyu.

"Da can buhu-buhu nake kyauta da gyaɗa. Damina uku ke nan 'yan bindiga sun raba ni da gona."

Ya juyo ya dubi matar, ya ci gaba.

"In kin gamu da masu ware kuɗin, ki ce su buɗe mini hanyar gonata kawai. Yarinyar nan ni zan ciyar da ita."