Ƙwayar da Na Ɓoye wa Likita

Jama'ar Allah, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Yawancinku kun san ni da Baban Rahila, mai walda a Chikaji, mai jera muku benci ran Lahadi. Abin da ba ku sani ba shi ne na shekara uku ina shan tiramol. Saboda ciwon baya na fara, har ta kai in ban haɗiya ba ko guduma ba na iya ɗagawa. Ina tsaye a ƙofar majami'a ina muku sannu da zuwa, ƙwaya tana aljihuna. Yanzu ma da nake faɗa kunya nake ji.

Daminar bara zazzaɓi ya kayar da ni. Ni kuwa da asibiti ba ma ga maciji. Na sayo haɗin magunguna a kemis, na ɗora tiramol biyu a kai, sannan na sa Maman Rahila ta dafa ganyen darbejiya da na mangwaro, na lulluɓa da bargo ina surace don gumi ya fitar da ciwon. Jiki yana wuta, na ƙara masa wata. Sai ƙirjina ya kama bugawa kamar tsohon janareta. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

A wani asibiti can wajen Samaru na farfaɗo, an manna mini wayoyi a ƙirji, wata na'ura tana zana bugun zuciyata a takarda. Likitar ƙaramar yarinya ce, har na raina ta. Ta daɗe tana kallon takardar, ta kira wani babba suka duba tare, ba mai murmushi. Ta ce akwai waɗanda da irin wannan zuciyar ake haifarsu, suna yawo lafiya ƙalau, sai zazzaɓi mai zafi ko wasu magunguna su tayar da abin. Bugun ya rikice, mutum ya faɗi, shi ke nan.

Sai ta sunkuyo ta ce, "Malam, faɗa mini duk abin da ka sha a satin nan. Sai na sani zan san abin da zan ba ka da abin da zan hana ka."

Matata tana riƙe da ƙafata. Dattijon ikilisiyarmu yana tsaye da Littafi Mai Tsarki a hammata. Na ce haɗi ne kawai. Likitar ta maimaita tambayar, na maimaita ƙaryar. Ku duba wauta! Na gwammace a ɗauki gawata da mutunci da a ji sirrina.

Ba a jima ba na'urar ta ɗauki ƙara. Nas-nas suka rugo, aka turo wani keke mai ɗauke da abin da ake jona wa mutum a ƙirji don dawo da bugun zuciya. Idona ya fara duhu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. A zuci na ce, Yesu, kada ka bar ni in zo gabanka da ƙarya a baki. Ara mini numfashi ɗaya.

Ya ara mini! Na ce, "Likita, ina shan tiramol. Kullum."

Na rufe ido don kada in ga fuskar matata. Sai na ji ƙarar leda. Ashe fankon ƙwayoyin ne Maman Rahila ta ciro daga jaka, waɗanda take tsinta a aljihun kayan aikina duk ranar wanki.

Ta ce, "Likita, ga su. Hannuna na kansu tun ɗazu. Baban Rahila, shekara biyu ina roƙon Allah ka faɗa da bakinka."

Na yi kuka a gaban dattijo kamar yaron goye.

Aka sauke zafin jikin, aka canza magani, zanen takardar ya koma daidai. Da taimakon likitoci na rabu da ƙwayar a hankali, kuma na sha wuya. Yanzu ina yawo da takardar magungunan da aka hana ni, zazzaɓi kuwa yana taɓa ni sai asibiti. An ce a kai yara ma a duba su, mun kai.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku kuma faɗa wa likita gaskiya. Idan akwai mai abu a aljihu yanzu haka, kada ka jira na'ura ta yi ƙara. Ina nan bakin ƙofa bayan sujada. Amin.