Mutumin Da Nake Yi Wa Magana A Kunne

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro, malamanmu masu daraja, manyan baƙi na gwamnati da na adawa, Hajiya Najla da 'ya'yan marigayi, abokan aiki 'yan jarida, da ku jama'ar Badawa da Kaura Goje da kuka cika wannan zaure na Nassarawa har wasu suna tsaye a waje, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina kuma godiya da aka ba ni wannan dama.

Sunana Raudatu Anas. Yawancinku ba ku san fuskata ba, domin aikina bayan gilashi yake. Ni ce mai tsara shirin siyasar da Malam Ja'afaru Ya'u Badawa ke gabatarwa a talabijin. Ku kuna kallonsa, ni kuma ina yi masa magana ta ɗan abin sauraren da ke maƙale a kunnensa.

Abu na farko da zan shaida shi ne, Malam Ja'afaru ba ya tambaya don kansa. Akwai ranar da muka gayyato wani babban ɗan siyasa kan maganar ruwan sha. Baƙon ya yi ta kewaye-kewaye har lokaci ya ƙure. Na ce wa Malam a kunne ya rufe shiri, na sake faɗa, ya yi kamar bai ji ba. Sai ya sunkuyo, cikin muryar nan tasa mai sanyi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ka gama da ni. Matan Tudun Murtala ne ba ka amsa wa ba." Mutumin ya fita a fusace. Amma ranar jana'iza da idona na gan shi a ƙofar gida, yana share hawaye da hannun riga.

Na biyu, yadda ya tafi. Da safen ranar da ya rasu ya kira ni kan baƙon da za mu yi da yamma, har muka ɗan yi musu, ya ce idan ya iso ofis ma ƙarasa. Bai iso ba. Yana saka takalmi a falo ya dafe ƙirji ya zauna, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Jama'a, har yau idan jar fitilar nan ta fara shiri ta kama, bakina yana buɗewa in ce "Malam, mun shiga." Har yau idan wani mai mulki ya yi magana a labarai, hannuna yana kai wa waya in ji me zai ce. Ina kewar gardamarsa, ina kewar shirun da yake yi kafin ya jefa tambaya, ina kewar yadda yake ce mini Hajiyar kunne.

Shirin ba zai tsaya ba. Mun yi shawara, za mu ci gaba. Ya ku shugabanni, idan muka gayyace ku, don Allah ku zo, ku amsa wa mutanen da yake tambaya a madadinsu.

Sai roƙona na ƙarshe. Da na je gaisuwa, 'yarsa Nabiha ta ja ni gefe. Ta ce ta duba duk shirye-shiryensa da ke waya, ko'ina fuskarsa a ɗaure take, alhali a gida babu wanda ya kai shi raha. Ta ce, "Anti, ba ku da inda Abba yake dariya?" Na koma ofis na tono abin da muke yankewa ba ma sakawa, na sami kaɗan. Don haka duk wanda ke da irin wannan a wayarsa, na biki ne ko na majalisar hira, ya kawo mini kafin ya bar zauren nan. Yarinyar tana jira.

Allah Ya jiƙan Malam Ja'afaru, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya Najla da yara haƙuri, Ya raya su cikin albarka. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Na gode.