Dariyar da Ta Ɓata Kaset

A filin ajiye motoci a jihar Vermont, kafin makaɗa su hau dandali, Lorna ta tsaya gaban wani dattijo mai musayar kaset ɗin wasannin makaɗan da ya ɗauka.

"Baba, kana da wasan da suka yi a garin Albany a shekarar casa'in da biyar?"

"Sosai! Minti arba'in suka yi a kan waƙa ɗaya. Sai dai wani ɗan banza ya tsaya kusa da makirufona yana ta dariya. Mako guda na yi ina goge dariyarsa daga kaset ɗin."

"Dariya kamar kukan jaki?"

"Shi fa!"

"Mahaifina ne. Bara ya rasu. Muryarsa nake nema."

Dattijon ya sosa gemu.

"Kaset ɗin na asali yana gida, 'yata, ban taɓa shi ba. Rubuta mini adireshinki. Allah Ya ji ƙansa, amma fa ya cuce ni."