Sandar Karfasa

A rumfar mai sayar da kayan kamun kifi, wata mata ta ɗauki sandar fatsa mai kauri tana jujjuyawa.

"Hajiya, wane kifi za a kama?" in ji mai rumfar.

"Giwan ruwa. Babana ba ya kula ƙananan kifi."

"To, ita ce wannan. Amma in giwan ruwa ya ja, sai an riƙe da hannu biyu an turje."

Ta sauke sandar. "Hannunsa na dama ya shanye tun bara. Sai jiya ya ce a kai shi bakin kogi."

"Allah ya ba shi lafiya. Ɗauki siririyar nan, ta karfasa ce. Yana zaune ma zai iya da hannu ɗaya."

"Haba malam! Shekara arba'in yana wannan sana'a. Yana ganinta zai ce mun raina shi."

"Ni ma haka na ce da ƙarfin mahaifina ya ragu, na kai masa mai kaurin. A gaban mutane kifi ya fizge ta daga hannunsa. Har ya rasu bai sake leƙa kogi ba."

"Allah ya jiƙansa," in ji matar. "Naɗe min siririyar."