Tuwon Gayaunar Gwaggo Kande

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Sunana Ladi. Waɗanda suka san ni sun san ni da yawan damuwa. Kullum ina tsoron kada in yi zunubi ban sani ba.

Daminar bara, rafin bayan ƙauyenmu ta wajen Bakori ya cika ya shigo gari da rana tsaka. Ɗakina ya zube, rumbu ya narke, masara ta bi ruwa. Maigidana ya daɗe da rasuwa. Na kwashi yara muka hau tudu, gidan Gwaggo Kande, ƙanwar babana. Su har yau addinin kakanni suke bi.

Ta kawo mana tuwon dawa, na ture akushin gefe. Na san a gidan ana yi wa iskoki yanka saboda hatsin gandu, gonar da gida duka ke nomawa. Na ce wa yara su jira taimakon coci. Ashe gada ta karye, mota ba ta wucewa. Aka kwana, aka wuni. Autata ta yi kuka har murya ta daina fita.

Na zaga bayan danga na durƙusa. Na ce, "Ya Ubangiji, in na ba su ina tsoron laifi, in na hana su ina tsoron rasa ta. Ka nuna mini."

Ban tashi ba sai ga Gwaggo a kaina. Ta ce, "Ke Ladi, yunwa za ki kashe mini jikoki da ita? Dawar nan ta gayaunata ce, 'yar gonar da na noma da hannuna. Ko ɗan tsako ba a yanka mata ba. Tun da na hango ki na ce ga 'yar coci nan tafe da tsoronta, shi ya sa ban taɓa rumbun gandu ba."

Na fashe da kuka. Yara suka ci.

Da taimakon ya iso kan babura, masara da tabarmi da gidan sauro, tsoro ya sake taso mini. Na ce, "Baba Fasto, ya halatta a ba dangin Gwaggo? Su ma gidajensu sun rushe." Ya ce, "Da ruwan ya zo, ya tambayi addinin wani?" Da kaina na kai musu.

Har yanzu in hadari ya haɗu gabana yakan faɗi. Amma na gode wa Allah. Tun kafin in durƙusa ya riga ya tanadi abincin 'ya'yana a gidan da nake tsoro. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Amin.