Ai Kai Ka Ba Ni Wuta

Assalamu alaikum mai gabatarwa da masu sauraro. Umaru ne daga Arkilla.

Fitilar motata, irin farar nan mai ƙarfi, ta fara ƙiftawa. Rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya canza ƙwan, na gwada, ta zauna. Ashe laifin na ɗan akwatin da ke ba ƙwan wuta ne.

Bayan magariba, a wata mahaɗa ta hanyar Kalambaina, ta sake ƙiftawa. Wani mai kabu-kabu ya ɗauka hanya na ba shi, ya shigo gabana. Ƙafarsa ta karye, wataƙila ba zai ƙara hawan babur ba.

A asibiti ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai ka ba ni wuta."

Na canza akwatin, amma na kasa tuƙi. Malamai, don Allah, hakkinsa yana wuyana?